Ƙugiya Ɗaya a Fastar Ɗan Takara

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a maɗaba'ar nan. Kowa Ƙugiya yake ce masa, har mai wurin, sai dai shi yakan sakaya ya ce Malam Ƙugiya. Ya samo sunan ne daga haruffan nan masu lanƙwasa a ka, su ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda ya riƙe tamkar 'ya'yan cikinsa. Aikinsa duba rubutu kafin a kai wa inji. Shekara talatin da takwas yana zaune a tebur ɗaya a gindin taga, da jan biro, da tabaran da aka ɗaure ƙafarsa da zare, yana bin layi da farce yana motsa leɓe. In ya gama sai ya rubuta a gindin takardar, "An duba." Da zarar an ga kalmomin nan biyu, magana ta ƙare. Mai Kwamfuta, matar da ke tsara shafuka, ba ta tambaya, mai inji ba ya tambaya, shi kansa mai maɗaba'a ba ya sake kallon takardar. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo musu da aiki an ce ga kuskure ba.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, wannan kam ba a ɓoye take ba. Yakan tsaya a bakin titi ya yi wa allon shago faɗa. Ya taɓa mayar wa likita takardar magani don ya gyara harafi. Amma in ana neman wanda ya san abin da ake nufi da ra'ayin riƙau, ba na baki ba, to shi ne da wansa.

Wan nasa, wanda yake kira Yaya, tsohon shugaban makaranta ne, kuma shi ya koya masa karatu tun yana tsugune a gabansa da fensir. Shekara ashirin da biyu Yaya yana shugabantar reshen jam'iyyar masu ra'ayin riƙau na garin. Mutane na yi musu dariya suna ce musu 'yan mazan jiya, su kuwa ko a jikinsu. A wurin Yaya riƙau ba ihu ba ne. In wani ya zo taro da sabon tsari yana zumuɗi, Yaya yakan bari ya gama tsaf, sannan ya tambaye shi wa zai gyara abin in ya lalace. Yawanci nan maganar ke mutuwa, in kuwa ta rayu, to ta cancanci rayuwa. Da hannunsa ya kafa ɗakin karatu a bayan ofishin reshe, littafi wajen dubu uku, da kundayen bayanan taro tun daga ranar da aka kafa reshen, kowane an ɗinke shi da zare an rubuta shekara a bayansa.

To, sai ga yaron nan. Ɗan ƙanwarsu ne da ta rasu, Yaya ya ɗauko shi yana da shekara shida, ya ci ya sha ya yi karatu a gidansa. Ya tafi ya dawo da ƙaton agogo da waya uku da murya mai daɗi a lasifika, ya ce zai tsaya takara, tun daga nan sunansa ya koma Ɗan Takara. Ranar zaɓen shugaban reshe ya cika ɗakin taro da baƙin fuskoki, kowa riƙe da sabon katin jam'iyya wanda tawadarsa ko bushewa ba ta gama yi ba. Ƙugiya ya karɓi ɗaya ya duba, ya ga kuskure biyu a layi ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da Yaya, aka ɗora wani abokin yaron. Yaya ya miƙe ya miƙa mabuɗai da hannu biyu, ya ce ƙa'ida ce, an bi ta. Ko da suka fito Ƙugiya na tafasa, Yaya ya hana shi magana.

Da a nan abin ya tsaya, da an haƙura. Amma Ɗan Takara na bukatar ɗakin ɗaukar bidiyo, mai fitilu da labule da kujera mai juyawa, kuma ba ɗakin da ya yi masa sai ɗakin karatu. Aka kwashe littattafan aka jibge a tsakar gidan ofis, wai kafin a samo musu wuri. Aka yi ruwa kwana biyu. Da Yaya ya ji labari ya je da kansa, ya tarar da kundayen sun kumbura sun manne, tawada ta zube ta zama shuɗin ruwa. Ya sunkuya zai ɗauki ɗaya, bai miƙe ba. Tun ranar ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, mutumin da ya yi shekara arba'in yana magana a gaban aji ya koma ba ya iya haɗa kalma biyu.

Ɗan Takara ya zo dubiya, ba a ce bai zo ba. Ya zo da mai kyamara. Ya durƙusa a gaban gadon, ya kama hannun da ya mutu ya ɗora a kansa, aka ɗauka ta dama aka ɗauka ta hagu, har aka ce matar Yaya ta ɗan ja labule don haske. Kafin azahar hoton ya zagaya wayoyin gari, da rubutu a ƙasa wai ga uban da ya koya masa riƙo da gado. Ƙugiya ya tare shi a ƙofar gida ranar, ya tambaye shi ko ya san abin da kalmar riƙau take nufi. Yaron ya yi murmushi irin na masu lallashin tsofaffi, ya dafa masa kafaɗa.

"Kawu, ku yi haƙuri, zamaninku daban. Yanzu ba a riƙe komai, ana nunawa ne an riƙe. Wanda ya fi iya nunawa shi ke ci."

Ƙugiya ya cire hannun daga kafaɗarsa, ya shiga gida. Amma tun daga wannan rana ya ƙulle yaron a ransa, ƙulli irin wanda ba ya kwancewa da ban haƙuri. Yana cin abinci da shi, yana tafiya da shi, yana bin layi da farce da shi. Ya sha alwashi sai ya rama wa Yaya, ko da kuwa bai san ta ina ba. Shi ba mai ƙarfi ba, ba mai jama'a ba, abin da yake da shi a duniya jan biro ne.

Sai ga shi aikin ya kawo kansa har teburinsa. Wata uku bayan faɗuwar Yaya, mai maɗaba'a ya shigo yana washe baki, ya ce sun samu aikin fastocin Ɗan Takara gaba ɗaya, manya da ƙanana, har da ƙyallen da za a rataya a bayan dandamali ranar babban gangami. Ya kalli Ƙugiya a kaikaice, don ya san abin da ke tsakani, ya ce aiki dai aiki ne. Ƙugiya ya ce ai shi ma abin da ya sani ke nan.

Mai Kwamfuta ta fitar da samfur ta ajiye masa. Fuskar yaron ce ta cika takardar, yana kallon sama kamar mai hango wani abu a rufin maƙwabta. A ƙasa, da manyan haruffa farare: ZA MU KARE GADONMU. Kalma huɗu, ba kuskure ko ɗaya. Ƙugiya ya bi su da farce sau ɗaya, ya sake bi. A karo na uku farcen ya tsaya a kan K bai wuce ba.

Wallahi ba shi ya nemo tunanin ba, tunanin ne ya same shi. Kare, ƙare. Ɗan lanƙwasa ɗaya a kan hannun harafi, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai alkawarin tsare gado ya koma alkawarin cinye shi. Kuma ina ƙaryar take? Wanda ya zubar da kundayen shekara hamsin a ruwa, in ya ce zai ƙare gado ai gaskiya ya faɗa, karon farko a rayuwarsa. Ƙugiya ya ji wani daɗi mai zafi ya taso masa. Ya ajiye biron, ya fita tsakar gida ya wanke fuska, ya dawo. Ya san abin da zai sayar. Shekara talatin da takwas ne a tafin hannunsa, kuma in ya miƙa su ba za su dawo ba. Ya tuna bakin Yaya yana ƙoƙarin kiran sunan matarsa, yawu na zuba a gefe. Ya ɗauki biron ya ɗora wa K ƙugiya, ya ja layi zuwa gefen takarda ya rubuta harafin a fili yadda ya saba, sannan ya sa a gindi, "An duba."

Mai Kwamfuta ta karɓa tana waya da 'yarta. Ta kalli jan alamar, ta danna, ta gyara. Ba ta karanta kalmar ba, don me za ta karanta? Baba Ƙugiya ya duba.

Washegari Ɗan Takara ya zo da kansa ya sa hannu a samfur na ƙarshe. Ƙugiya na zaune a gindin taga, yana jiran a kama shi. Yaron ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, ya ɓata fuska. Sai ya ce a rage masa kumatu, kuma a ɗan haskaka goshin, ya yi duhu da yawa. Aka rage, aka haskaka. Ya sa hannu a daidai ƙarƙashin kalmar, har wutsiyar sa hannun ta taɓa ta. Da zai fita ya ɗaga wa kawunsa hannu, ya ce a gaida gida.

Inji ya yi kwana huɗu yana ruri. Kafin mako ya zagayo garin ya cika. Jikin gada, turakun lantarki, bayan motocin haya, katangar asibiti, ko'ina yaron na kallon sama yana rantsuwa zai ƙare gadon jama'a. Ƙugiya ya sa rigarsa mai kyau ya fita zagaye, hannu a baya, yana jiran dariyar farko.

Shiru. Mutane na wucewa ta gaban fastar kamar yadda suke wuce bango. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba wanda ya tsaya. A rana ta uku haƙurinsa ya ƙare, ya shiga shagon mai aski, inda aka manna ɗaya a jikin madubi, ya ce idonsa ba ya gani sosai, a karanta masa. Mai aski ya karanta masa "kare" garau, har ya ƙara da barkwancin cewa shi dai bai san karen da ake nufi ba, mai haushi ko mai gadi. Aka yi dariya, amma ba irin wadda Ƙugiya ya zo nema ba. Ya gwada tela. Ya gwada wani malamin makaranta, malamin makaranta fa, wanda ake biya don ya koya wa yara haruffa, shi ma "kare" ya gani. Har ofishin 'yan adawa ya bi ta gabansa a hankali, ya tarar sun yage fastar sun zana wa yaron gashin baki, amma ƙugiyar na nan lafiya lau ba wanda ya kula ta.

Nan fa abin ya ci masa rai fiye da da. Ashe mutanen garin sun daina ganin ƙugiya. Shekara da shekaru suna rubutu a waya babu ita, suna karantawa babu ita, ido ya saba cike gurbi da abin da yake tsammani. Shi yana can gindin taga yana ƙare idonsa a kan abin da ba mai kallo. Ya sayar da sunansa, kuma ba a ma san an saya ba. Ya ji haushin yaron, ya ji haushin mai aski, ya ji haushin garin gaba ɗaya, har da turakun lantarkin.

Mutum ɗaya ya rage wanda ya tabbata zai gani. Ya naɗe ƙaramar fasta ya sa a aljihu ya nufi gidan Yaya da la'asar. Matar Yaya na tsakar gida tana shanya zannuwan gado, ta tsokane shi yadda ta saba, wai ango ya sha kwalliya, wace ce za a kawo musu. Sannan ta rage murya ta gaya masa mutanen yaron sun zo da safe, suna so a tura Yaya a keken guragu a hau da shi dandamali ranar gangami, don jama'a su ga dattijon gida na tare da su. Ta ce ta raka su har titi da tsintsiya.

Ɗakin Yaya na warin man zafi da sabulu. Yana jingine da matasai uku, rediyo a kashe a gefensa, kundi ɗaya da aka ceto daga ruwan yana kan tebur, shafukansa sun yi tauri sun lanƙwashe. Ƙugiya ya gaishe shi, ya zauna a bakin gado, ya warware fastar ya shimfiɗa masa a cinya. Yana so ya ga idon nan ya yi haske.

Ko daƙiƙa biyu Yaya bai yi ba. Idonsa na dama ya sauka a kan harafin ya tsaya. Ya ɗago ya kalli ƙanensa, ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa ɗalibi in ya san amsar tambayar da zai yi. Sannan ya miƙo hannunsa mai rai, ya zaro jan biron daga aljihun Ƙugiya. Da ƙyar ya soke ƙugiyar. Ya ja layi zuwa gefe ya rubuta K tsirara. Ya ajiye biron a kan takardar, ya juya fuskarsa ga bango.

"Yaya, don kai na yi," in ji Ƙugiya. "Ya zubar maka da littattafai. Ya mayar da kai abin ɗaukar hoto."

Yaya bai juyo ba. Ya ɗaga hannun kawai ya yi nuni da ƙofa.

Wani zai ce nan ya kamata mutum ya ji kunya ya koma gida. Ƙugiya ya ji kunyar, ya ji ta har ƙafa, amma ba ta kashe wutar ba, ƙara mata iska ta yi. Ga mutumin da aka wulaƙanta, aka karya, yana kwance ba ya iya kiran sunan matarsa, amma har yanzu yana gyara wa wanda ya karya shi rubutu. Irin wannan mutum aka jefar da kundayensa a ruwa. Da ya fito tsakar gida ya tambayi matar Yaya ko mutanen sun bar lambar waya. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce me zai yi da ita. Ya ce suna neman dattijon gida, ai shi ma dattijo ne.

Da ya kira ya ce shi zai hau dandamalin, murna wajen mutanen Ɗan Takara ba a magana. Suka aiko masa da sabuwar hula da mota. Ranar gangamin, da hantsi, filin da ke gaban tashar mota ya cika maƙil, rana na dukan kawuna, masu sayar da ruwa na ratsa jama'a. A bayan dandamali ga ƙyallen nan, faɗinsa ya kai na gida, kowane harafi ya fi mutum tsayi, ƙugiyar kanta ta kai girman hannun yaro. Dubban mutane na fuskantarta ba wanda ya gan ta.

Yaron ya yi magana ya fi rabin sa'a. Ya yi maganar tarbiyya, da girmama na gaba, da gidan da ya tashi a ciki, har muryarsa ta yi rawa a daidai inda ya kamata. Sannan ya ce ga kawunsa nan, ƙanen uban da ya raine shi, mutumin da duk garin ya san bai taɓa barin kuskure ya wuce shi ba, shi zai karanta wa jama'a alkawarinsu. Ya rungume shi, ya miƙa masa makirufo.

Ƙugiya ya gyara tabarau. Ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci ƙyallen, ya ɗaga yatsa yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda yake yi a tebur. Ya karanta abin da ke rubuce, ya ƙwanƙwasa harafin daga can cikin maƙogwaro har lasifika ta yi ƙara.

"Za mu ƙare gadonmu."

Ido na iya tsallake ƙugiya, kunne ba ya tsallake ta. Filin ya yi tsit. Yaron ya yi 'yar dariya ya matso, ya ce Kawu ya tsufa, harshe ya zame, a sake. Ƙugiya ya ce to, ya sake, a hankali, ya fi na farko ƙarfi. Sannan ya miƙa hannu ya nuna saman harafin.

"Ni abin da aka rubuta nake karantawa. Ga ta can. Kuma da hannunsa ya sa hannu a kai."

Kawuna suka ɗaga gaba ɗaya. Wata mata a gaba ce ta fara, dariya ta ƙwace mata ta toshe baki da mayafi, daga nan abin ya bi filin kamar an kunna wa busasshiyar ciyawa wuta. Wayoyi suka tashi sama. Wasu samari a baya suka mayar da kalmar waƙa suna tafi. Ɗan Takara ya juya ya kalli ƙyallen, ya kalli turakun da ke kewaye da filin, kowanne da fuskarsa da alkawarinsa, ya gane garin gaba ɗaya haka yake. Ƙugiya ya tsaya dab da shi yana kallon yadda murmushin ke mutuwa a fuskar, bai kau da ido ba ko sau ɗaya, don abin da ya zo gani ke nan. Ya ji daɗi. Ba zan ɓoye muku ba, ya ji daɗi ƙwarai, irin wanda bai ji ba tun ranar da Yaya ya faɗi. Ya ajiye makirufon a kan kujera, ya cire sabuwar hular ya ɗora ta a kan makirufon, ya sauka ya tafi gida a ƙafa.

Sunan ya bi yaron. Kafin mako ya ƙare ba mai ce masa Ɗan Takara, sai Ƙare-Gado, yara na binsa da shi, 'yan adawa sun buga shi a riguna. Jam'iyya ta aiko daga sama aka sauya shi da wani. Mutanen da ba su taɓa ganin ƙugiya ba suka koma nemanta a allunan shaguna don nishaɗi. Matar Yaya ta ce ita dai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, amma ta gaya wa Ƙugiya kada ya shiga ɗakin tukuna, don duk lokacin da aka ambaci sunansa Yaya bango yake juyawa.

Mai maɗaba'a ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Mutumin kirki ne, kuma ya so ya buɗe masa hanya. Ya ce shekaru sun ja, ido na gajiya, kowa na kuskure, in Malam ya ce kuskure ne shi zai tsaya a kan haka ko a gaban wa. Ƙugiya ya ce ba kuskure ba ne, da saninsa ya sa ta, kuma da za a mayar da shi ranar zai sake sawa. Mai maɗaba'a ya daɗe yana juya mabuɗi a hannu. Bai kore shi ba. Ya ce ya koma bakin aikinsa.

Ya koma. Teburin na nan, tagar na nan. Aikin da ya fara zuwa littafin koyon karatu ne na 'yan aji ɗaya, mai hotunan kaza da ƙwarya da ɗan rago. Ya bi shi da farce shafi bayan shafi, ya sami wurare bakwai da ƙugiya ta faɗi, ya ɗora kowace a mazauninta, ya rubuta "An duba" a gindi, ya kai wa Mai Kwamfuta.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce sannu Baba. Ya juya zai koma, sai bai ji ƙarar dannawa ba. Ya waiwaya. Ta ɗora yatsa a kan jan alamar farko, tana motsa leɓe tana karanta kalmar. Ta ɗauko wayarta ta duba wani abu, ta sake kallon takardar, sannan ta gyara. Ta matsa kan ta biyu ta yi haka. A ta uku ta daɗe, ta tashi da takardar ta nufi wurin mai inji, suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, mai inji ya ɗago ya saci kallonsa ya mayar da kai.

Ƙugiya ya koma gindin taga ya zauna. Saura huɗu, kuma duka bakwai ɗin daidai suke. Ya rufe jan biron ya jira su gama duba shi.